Ƙaramin gari ya ɗauki kofi, mu masu cika fili muna kallo

Dan_Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ke cina tun da Remo Stars ta ɗauki kofin firimiyar Najeriya na kakar 2024/25. Ƙungiyar nan fa a Ikenne take, garin su Awolowo can jihar Ogun, garin da in ka kwashe mutanensa duka ka juye a Fagge da Kurna ba ma za a san an yi baƙi ba. Mu kuma nan kullum bugun ƙirji muke mun fi kowa cika fili, filin Sani Abacha na Kano ya cika, Karkanda ta Katsina ta cika, Maiduguri kam ba a magana, amma rabon Kano Pillars da kofin lig tun 2014. To wai 'yan kallo suna da wani amfani ga ƙungiya kuwa, ko aljihun mutum ɗaya shi ne komai? Kuma ƙungiyoyin su Bauchi, Gombe, Katsina, Minna da Lafiya da ba su da wasu manyan kamfanoni a bayansu, nan da shekara 10 suna nan kuwa?

Gunner_Zariya:
Wa alaikumus salam. Bakano ya fara kuka kenan. Ku da kuka ce ku ne masu gida, yau baƙo ya shigo har ɗaka.

Dan_Fagge:
Kai Bazazzagi rufe mana baki, kawo sunan ƙungiyarku a teburin tukuna sai mu yi magana.

Malam_Lissafi:
Dan_Fagge tambayarka mai kyau ce amma Ikenne ba misalin ƙaramin gari ba ne yadda kake zato. Na ɗaya garin yana kusa da Legas, motar safe za ta kai ka ka dawo da yamma, duk wani dillalin 'yan wasa da ɗan jarida yana iya zuwa. Na biyu mai ƙungiyar Kunle Soname shi ne mai kamfanin caca na Bet9ja, ya gina filinsa na kansa a garin, yana da makarantar horar da yara Beyond Limits, kuma ya sayi ƙungiya a Fotugal mai suna Feirense. Kenan yaro zai taso a Ikenne, in ya yi kyau hanyar Turai a buɗe take ba sai an roƙi kowa ba. Kuma ba dare ɗaya suka yi ba, sun hau sun faɗo har sau biyu, sannan suka zo na 3 a 2022, na 2 a 2023, na 2 a 2024, sai 2025 suka ɗauka da koci Daniel Ogunmodede wanda ya daɗe a gidan. Wace ƙungiyar jiha ce za ta bar koci ya yi irin wannan zaman? Ya sha kashi sau uku a jere an sallame shi.

Abu_Hanifa77:
To ai kun faɗa da bakinku, kuɗin caca ne. Ni dai in irin wannan kofin ne Allah ya sawwaƙe mana.

Malam_Lissafi:
Ba ina tallan caca ba ne malam. Tsarin nake nuna maka. Ai muna da masu kuɗin shinkafa da taki da mai da siminti a arewa, wa ya hana su yin irin tsarin da kuɗin halal?

Tsohon_Gola:
Ku bari in sa baki tunda ni na taɓa cin abinci da ƙwallon nan. Na yi wa wata ƙungiyar jiha tsaron raga, ba zan kama suna ba. Ranar wasan gida fili maƙil, ana kiɗa ana kiran sunanka, wani ya cusa maka ɗari biyar a safa in ka tare fanareti. Washegari ka koma masauki ba ka da kuɗin sabulu saboda albashi yana teburin wani a ma'aikata ana jiran sa hannu. Wasan waje kuwa a bas muke tafiya, a taso daga nan da asuba a kwana a hanya, wani lokaci mu isa garin ana saura 'yan awanni a take wasa, ƙafa duk ta kumbura, ka sauko kana ɗingishi a ce je ka kama ƙwallo. Shi ya sa in na ji ana cewa ƙungiyoyinmu ba sa cin wasa a waje sai in yi dariya kawai. Kuɗin sa hannu na wata kaka har yau ban gan shi ba, yaran da na haifa bayan nan sun shiga sakandare. 'Yan kallo suna da daɗi wallahi, su ne ma suke sa ka manta yunwa na minti 90, amma ihu ba ya biyan kuɗin haya.

Hajiya_Blues:
Allah sarki baba. Allah ya saka muku.

Baban_Ummi:
Abin da Tsohon_Gola ya faɗa shi ne gaskiyar magana, kuma ni zan ƙara da na geti. Ku tsaya a ƙofar fili ranar babban wasa ku ƙirga masu yankar tikiti. Wannan ya ce yaron shugaban magoya baya ne, wancan ya zo da oga, wani ya sa rigar 'yan sintiri, yara kuma ta katanga, da an dawo hutun rabin lokaci sai a wangale ƙofa kowa ya shiga. Na ga mutum da tsadadden yadi da waya mai kyamara uku yana rigima da mai geti a kan kuɗin da bai kai na katin wayarsa na yini ɗaya ba. Wannan mutumin fa da daddare zai je gidan kallo ya biya ba musu don ya ga Madrid. To fili ya cika amma akwatin kuɗi wayam, sai mu zo nan muna cewa muna da magoya baya.

MasuGida90:
Haba Baban_Ummi, kar ku mai da mu ba komai ba mana. Wa ya riƙe Pillars shekara 12 ba a ci ta a gida ba a lig, daga 2003 har sai da Nasarawa United ta zo ta karya a 2015? Mu ne. A 2009 da muka fitar da Al Ahly daga kofin zakarun Afirka har muka kai wasan kusa da na ƙarshe, aljanu ne suka cika filin? Da aka faɗa ƙaramin rukuni a 2022 mun gudu? Muka bi ta har ta dawo a 2023. Ƙungiyar mutum ɗaya ranar da ya gaji shi kenan, amma Pillars ko wa ya zama gwamna ba shi da ƙarfin halin rufe ta saboda ya san abin da zai biyo baya. Wannan ma ai amfanin 'yan kallo ne.

Bakatsine_Asali:
MasuGida90 ka manta ka faɗi abin da ya taimaka wajen faɗuwar taku a 2022. Ba kwashe muku maki aka yi ba saboda rikici a fili? Mu muka san abin da motar 'yan wasanmu ta gani a Kano a shekarar. Magoya bayan da ke jawo wa ƙungiya tara da kwashe maki da kai ta wani gari ta yi wasan gida, su ma sai a sa su a lissafi.

MasuGida90:
'Yan tsiraru ne suka yi, kuma kowane fili akwai irinsu, har naku.

Hajiya_Blues:
To ku ji ta bakinmu mu mata. Ni ina son ƙwallo tun ina yarinya, yayyena suka koya min, amma ban taɓa tunanin ɗaukar 'ya'yana mu je fili ba. Wa zai kai yaro inda ake busa hayaƙi ana ashar, in an ci ku a fara jifa? Ba wajen zaman iyali, banɗaki kuwa kar ma a yi maganarsa. Kun bar mata da yara da dattawa a gida sannan kuna mamakin rashin ciniki. A gyara waje ɗaya a ce na iyali ne, a sa tsaro, ko kuɗinsa ya ninka za mu biya.

Alhaji_Tsoho:
Yara ku zo in ba ku tarihi, don wannan abin da kuke gani a Ikenne mun gan shi a Gboko. BCC Lions ƙungiyar kamfanin simintin Binuwai ce, Gboko kuma ba babban birnin jiha ba ne. A 1990 suka ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale, marigayi Shu'aibu Amodu yana koci, shekarar da ta biyo suka sake zuwa wasan ƙarshe, 1994 suka ci lig. Lokacin in za ka je Gboko wasa sai ka yi addu'a. Da kamfanin ya shiga wani hali ƙungiyar ta bi shi, yau yaro ɗan shekara 20 bai ma san sunan ba. Haka Abiola Babes da Leventis United, masu su suka janye aka wayi gari babu su. Ranchers Bees ta Kaduna ta je wasan ƙarshe na Afirka a 1988. Raccah Rovers ta Kano ta ci lig a 1978. Mighty Jets ta Jos ita ta fara cin lig ɗin ma a 1972. Ina suke a teburin yau? Don haka ni ba na ruɗuwa da Remo. Ina yi musu fatan alheri, amma a tambaye ni bayan mai ita ya tsufa.

Dan_Fagge:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Kenan kuna tare da MasuGida90, gara ta gwamnati?

Alhaji_Tsoho:
A'a ɗana, ban ce ba. Ta gwamnati ba ta mutuwa amma ba ta girma. Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 saboda gwamnan Abiya na lokacin Orji Kalu mayen ƙwallo ne. In aka samu wanda ba ruwansa sai a koma jiran kasafi. Duka biyun aljihu ɗaya ne, bambancin kawai wannan ana canza mai aljihun duk shekara 4 ko 8.

Yerwa_Boy:
Ni maganar amfanin 'yan kallo ba na son a raina ta. Shekarun da rikici ya yi tsanani El-Kanemi Warriors a garuruwan mutane take wasan gida, su Kano da Katsina. Ranar da ƙwallo ta dawo Maiduguri mutane ba don maki uku suka fito ba, fitowa suka yi su tabbatar gari ya dawo. Kuma a 2024 muna ƙaramin rukuni muka ɗauki kofin ƙalubale, muka ci Abia Warriors 2-0, bayan na 1991 da 1992. Akwai abin da ƙungiya take yi wa gari da ba ya shiga littafin akanta.

Malam_Lissafi:
Ba wanda ya musa Yerwa_Boy. Amma direban bas da mai wankin jesi a littafin akanta suke.

Garwa_Coton:
Gaisuwa daga Kamaru. Mu a Garwa muna da Coton Sport, kamfanin auduga Sodecoton ne ya kafa ta a 1986. Garwa tana nesa da Yawunde da Duwala inda kuɗi da 'yan jarida suke, amma mun ci lig ɗin Kamaru sama da sau 15, mun je wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 Al Ahly ta doke mu. Sirrin ba wani abu ba ne, ana biyan albashi kan lokaci, akwai wajen atisaye, kuma ana sayar da 'yan wasa. Vincent Aboubakar daga nan ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010. Amma abin da Alhaji ya faɗa na Gboko yana ba ni tsoro, don mu ma ranar da auduga ta yi atishawa sai ƙungiya ta kwanta. Kuma in faɗa muku gaskiya, filin Roumde Adjia bai taɓa cika mana yadda ya cika wa Super Eagles lokacin kofin Afirka a 2022 ba.

Gunner_Zariya:
Kar ka tuna mana Garwa don Allah, har yau ƙwallon da Tunisiya ta ci mu a can tana min ciwo.

DanMaradi_227:
Ku ku gode ma Allah. Mu nan Nijar manyan ekip, wato ƙungiyoyi, kusan duka a Yamai suke, kuma na ma'aikatu ne, na soja, na jandarma, na duwan (kwastan), na 'yan sanda. Wa zai yi kishin ekip ɗin duwan in ba ma'aikacin duwan ba? Muna da Dan Kassawa a Maradi, akwai Espoir a Damagaram, akwai na Arlit, mutane na son su amma tafiya Yamai kaɗai ta isa ta cinye kuɗin. Yaranmu da sun taso sai Barsa da Madrid.

Sakkwato_Shehu:
Mu kam nan mun daɗe ba mu ga firimiya a gida ba, sai dai mu ji a rediyo. Abin da munka iya shi ne gardamar Messi da Ronaldo.

Mai_Jesi:
Ni sana'ata kenan sai da rigunan ƙwallo, bari in gaya muku abin da kasuwa take cewa. In sabuwar kaka ta zo dila nake buɗewa na Chelsea, Arsenal, Man U, Madrid da Barsa, kafin wata ya ƙare sun tafi. Ana zuwa neman rigar ƙungiyoyin gida fa, musamman in an ci wasa biyu uku a jere ko lokacin da Ahmed Musa ya dawo, amma ina zan samo ta asali? Sai dai mu kai wa mai buga rubutu ya manna tambari a kan rigar da ta yi kala, mu sayar, ƙungiya ko sisi ba ta samu. Ba ni na hana su ba, su ne ba su kawo kayan kasuwa ba. Ranar da aka kawo min ta gaske da farashin da talaka zai iya, ni zan fara rataye ta a gaba.

Abba_Wisconsin:
Ina karatu a Amurka, kusa da wani gari Green Bay, mutanensa dubu ɗari da 'yan kai ne amma suna da ƙungiyar ƙwallon Amurka Packers da filinta ke ɗaukar kusan dubu 80, kuma tikitin kaka sai mutum ya yi shekaru a layi, har gadonsa ake yi. Ƙungiyar ba ta da mai ita, ta jama'a ce, mutum sama da dubu 500 ne suke da hannun jari, na ƙarshe da aka sayar a 2021 dala 300 ne kowane ɗaya, kuma ba riba ake raba musu ba, takarda ce kawai ka maƙala a bango ka je taron shekara. Amma kar a ruɗe ku, abin da ya riƙe su shi ne lig ɗin yana raba kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 32, na New York da na ƙauye kaso ɗaya. Kuma ba a faɗuwa ƙaramin rukuni. Inda ba irin wannan mallakar kuwa mai ƙungiya yana iya kwashe ta ya bar gari, haka aka yi wa Seattle a 2008 aka mai da ƙungiyar kwandonsu Oklahoma.

Baban_Ummi:
To ka ji. Mu wane kuɗin talabijin za a raba? Wanda ya ci lig ɗin gaba ɗaya a kakar 2024/25 naira miliyan 200 aka ce, ka cire kuɗin mota da otal da albashin kaka guda ka ga abin da ya rage.

MasuGida90:
Amma maganar hannun jarin nan ta shige ni. A ce mutum dubu 50 a Kano kowa ya ba da dubu ɗaya a wata, miliyan 50 kenan duk wata, a ba ka kati ka shiga fili da shi kuma ka zaɓi shugabanni. Jamus ma ai haka suke, 'yan ƙungiya ne ke da rinjayen ƙuri'a.

Tsohon_Gola:
Ƙanena lissafin yana da daɗi a waya. Wa zai riƙe kuɗin? Mutane ba rowa ce ke hana su ba, rashin yarda ne. Ka fara buga abin da aka samu a geti duk mako a manna a ƙofar fili kowa ya gani, in an yi kaka guda ana haka sai ka zo ka nemi dubu ɗayan.

Gunner_Zariya:
Ni fa ku daina wahalar da kanku, ku sa wasa ƙarfe 4 na yamma ranar Lahadi daidai lokacin da Arsenal za ta shiga fili sannan ku ce in zo? A mayar da shi Juma'a bayan la'asar ko da daddare mana.

Bakatsine_Asali:
Da daddare da wace wutar? Kuɗin man janareton fitilun ma ya fi na geti.

Malam_Lissafi:
Bari in dawo da mu kan tambayar Dan_Fagge. Ku dubi Villarreal a Sifen, gari ne na mutum wajen dubu 50, filinsu na ɗaukar sama da dubu 20, wato kusan rabin gari. Fernando Roig mai kamfanin tayil ya karɓe ta a 1997, a 2021 suka ci Man U a wasan ƙarshe na Europa da fanareti 11-10 har golan Man U De Gea ya ɓarar. Attajiri ne ya fara, amma abin da ke juya ta yanzu shi ne rainon yara da sayarwa. Chukwueze yana yaro suka ɗauke shi daga Najeriya, suka sayar wa Milan a 2023. Mu kuma yaran suna nan birjik a kowane filin unguwa. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars kafin ya tafi VVV Venlo ta Holan a 2010. Dokar FIFA ta ce duk sanda aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai kana da takardar da ta nuna yaron naka ne. Ƙungiyoyinmu nawa ne suke da rajistar 'yan ƙasa da 15 da aka adana? Yawanci kwantiragin kaka ɗaya ake ba ɗan wasa, kaka ta ƙare ya ɗau jakarsa ya tafi kyauta. Gari irin Gombe ko Bauchi ba zai taɓa samun tallan da Legas za ta samu ba, amma zai iya fitar da yaro ɗaya duk shekara biyu da kuɗinsa zai riƙe ƙungiya.

Red_Devil_Gombe:
Malam duk misalan duniya ba ka ga na bayarwa ba sai wanda aka ci mu? Allah ya isa tsakanina da De Gea.

Abu_Hanifa77:
Wato dai mu zama gonar Turawa, mu raina su kwashe. To yaushe za mu kalli namu gwanayen a gida?

Yerwa_Boy:
Ai ko yanzu kwashewa suke, gara a kwashe a biya.

Dan_Fagge:
Na karanta duka. Ni dai har yanzu ban gamsu cewa cika filinmu banza ba ne, don Remo da duk tsarinta na tabbata za ta so a ce tana da rabin mutanen da ke zuwa Sani Abacha. Amma maganar Baban_Ummi ta geti ta tsaya min a rai, don ni kaina na san ƙofar da ake shiga ba a biya. Mai_Jesi in an samu ta asalin ka ajiye min guda biyu, babba da ta yaro.

Hajiya_Blues:
Ni ba wanda ya amsa min maganar wajen zaman iyali fa. Ko sai na kawo misali daga Sifen ɗin za ku ji?

Mai_Jesi:
Dan_Fagge ta yaron ɗan shekara nawa? Turo min ta akwatin sirri, amma na gaya maka ta mannawa ce a hannu yanzu.